Ƙamshin Ƙarfe Huɗu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yaya, ki yi haƙuri. Na san ba kya son a taɓa miki littafin nan, kuma na san ni ba kowa ba ce da zan zauna in ce ina rubutu. Ko a aji, in Malama ta ce in tashi in karanta abin da na rubuta, muryata maƙalewa take yi. Amma littattafan makaranta duk ana duba su, wannan kuwa ba mai buɗe shi yanzu. Ban taɓa shafukan girkinki ba. Daga baya na fara, inda kika bar fari, kuma da fensir nake yi don in kin dawo ki goge.

Bari in gaya miki yadda gidan yake. Yau kwana goma sha tara da fitarki aiki, ba ki dawo ba. Baba yana fita da jakar kayan gyaran wutarsa, amma ofishin da ake liƙa sunayen waɗanda aka gano yake zuwa. In ya dawo sai ya ce, "Ba sabon labari," ya cire takalmi. Umma tana ɗaki. Likita ya ba ta magani, tana sha bayan azahar ta yi barci. In ta ci cokali uku a wuni mun gode Allah. Mutane sun zo gaisuwa a makon farko, ta ce a rufe ƙofa, ita ba ta san gaisuwar me suka zo yi ba. Maman 'Yan Biyu ta ƙasanmu ce ke aiko da abinci.

Kowa ya ɗauka ina darasin yamma har ƙarfe biyar, na shirin jarrabawa. Yau ban zauna ba. Na dawo, na shiga a hankali, na tsaya a kicin. Gwangwanin gahawarki yana nan a bayan na sukari. Buɗewa kawai na yi. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Yanzu ina saman bene, kusa da tankin ruwa, ina jiran biyar ta yi in sauka kamar daga makaranta nake.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe huɗu da minti ashirin

Na yi abin da bai kamata ba. Na yi kek ɗinki na shafi na shida, wanda kika sa wa suna Kek ɗin Malalata.

Na bi shi layi-layi. Fulawa kofi ɗaya, da kofin nan mai karyayyen hannu. Sukari rabi. Ƙwai biyu, bota, bekin foda, ɗan gishiri. Gahawa babban cokali, a narke ta da ruwan zafi cokali biyu. A gefe kin rubuta, "A bari ta huce, kar ki dafa ƙwan, sakarai." Ban san da wa kike ba, amma na ce to. A ƙasa kuma kin rubuta, "A buga gwangwanin sau biyu a tebur, iska ta fita." Na buga. Na tokare ƙofar obin da kujera yadda kike yi, tun da har yau Baba bai gyara ta ba.

Da ƙamshin ya fara tashi sai na zauna a ƙasa. Kamar ƙarfe huɗun da, in kin dawo daga kantin maganin kina cire takalmi da ƙafa kina cewa kanki zai fashe, Baba yana tsokanarki wai ke da ruwan batir ɗinki, Umma tana cewa wannan baƙin ruwan ne ya busar da ke kamar tsintsiya.

Na wanke komai, na goge, na nannaɗe kek ɗin na sa a jaka. Sai na ji motsin ƙofar Umma. Tsoro ya kama ni kar ta gane na gudu daga darasi, na ɗauki takalmina a hannu na fice.

Talata, ƙarfe bakwai

Da na shiga, Umma tana tsaye a tsakiyar kicin. Rabonta da shiga can tun ranar. Ta juyo ta ce, "Auta, ta zo."

Na ce, "Wa, Umma?"

"Na ji ta buga tebur sau biyu. Taɓa obin ɗin ki ji, da ɗuminsa."

Na taɓa. Ya kamata in yi magana a nan. Na buɗe baki, sai ta ce, "Akwai sauran burodi?" Ta ci rabin burodi da shayi, Yaya. Ina kallo.

Laraba, 5 ga wata, lokacin tara

Na ba Rediyo kek ɗin. Ita ce wadda muke zama benci ɗaya, wadda kika ce in an cire mata batir ma sai ta ƙarasa labari. Ta ci, ta dube ni ta ce, "Ke Shiru-shiru, ashe akwai abu a kanki? Wannan kamar shayi ne ya ƙone, sannan ya tuba." Ta cinye nata ta ci nawa. Ta ce in Malama ta kira suna da yamma za ta ce cikina ke ciwo. "Amma kar cikin ya warke da wuri, kin ji?"

Ban gaya mata komai ba. Ita ma ba ta taɓa tambayata labarinki ba, duk surutunta.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na sake yi. Na ce wannan ne na ƙarshe.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida

Zan rubuta wannan daidai, don ba zan iya cewa kuskure ba ne. Da gangan na yi. Na yanka ɗan yanki na sa a farantinki mai bakin shuɗi, na bar shi a tebur, sannan na fita.

Da na dawo farantin fes yake. Umma ta yi wanka, ta sa turare, ta ɗaura ɗankwali. Ta ce min, "Ta rame, shi ya sa ba ta son in gan ta. Ki bar ta, za ta saba." Baba ya shigo ya gan ta a falo, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Bai ce ba sabon labari ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya wuce ciki.

Asabar, 8 ga wata, da safe

An aike ni sayen ƙwai. Na bi ta bayan makarantar firamare. Ta fi nisa, amma daga can ba a hango gadar da ta rufta ranar fitarki.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Kawu ya zo, babban wan Umma, da ledar lemo da muryarsa. Kin san shi, ko gaisuwa yake kamar yana raba faɗa.

Yau ba makaranta, Baba yana gida, ba halin in yi komai. Ƙarfe huɗu saura Umma ta fara duban agogo. Ta ce da Kawu ya rage murya. Ya ce, "Wa ke barci?" Ta ce, "Ba barci ba ne, in ta ji mutane ba za ta shigo ba." Ya ce wa. Ta faɗi sunanki.

Kawu ya ajiye lemon da yake ɓarewa. Ta ba shi labarin duka, bugun tebur, da ɗumin obin, da farantin. Tana yi tana murmushi. Ina tsaye da tiren shayi, kofunan suna ƙara a hannuna, har ya ce, "Ke Auta, ajiye mana kafin ki yi mana wanka."

Huɗu ta wuce, biyar ta yi. Umma ta ce, "Ka gani ko? Ka kore ta."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da kwata

Na yi biskit ɗin shafi na tara, don ya fi sauri. Bota, sukari, fulawa, gahawa, a mulmula a danna da cokali mai yatsu. Kin rubuta, "Minti goma sha biyu. In kika je duba waya, sha biyar, kuma ki ce haka kike so."

Ina wanke kwano sai na ji kamar an ja kujera a bayana. Ban juya ba. Na san kujerar obin ce ta zame. Na sani.

Talata, 11 ga wata

Ba sabon labari.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na iya yanzu. Na san tayil ɗin da ke motsi a bakin kicin, ina tsallake shi. Na san in na ɗaga ƙofa kaɗan ba ta kuka. Ina shiga gidanmu ba takalmi, in yi aiki ba numfashi, in fita ba sawu. Ɗazu na ga fuskata a gilashin obin, ban gane ta da wuri ba.

Na fara shan gahawar ma. Cokali ɗaya a ruwan zafi, ba madara, a tsaye, yadda kike yi. Da ɗaci. Amma in ta sauka sai wani abu ya buɗe a bayan idona, in ji kamar zan iya magana. Da ma abin da kike ji ke nan? Ban taɓa tambayarki ba. Abubuwa da yawa ban tambaye ki ba.

Umma ta ci abinci sau biyu jiya.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi

Kawu ya dawo, ba Lahadi ba. Ashe ya tsaya a ƙasa wurin Maman 'Yan Biyu. Suka hau tare. Aka ce in shiga ɗaki, amma ƙofarmu kin san ba ta riƙe magana.

Maman 'Yan Biyu ta ce ita ma tana jin ƙamshin kullum wajen huɗu. Na ji daɗi, na ce to ga shaida. Ashe ba haka ba ne. Kawu ya shiga kicin ya girgiza tukunyar gas, ya leƙa buhun fulawa. Ya dawo ya ce da Baba, "Kai kana waje, yarinya tana makaranta. Wa ya rage a gidan? Ita ke tashi cikin nauyin magani ta kunna wuta, ta yi, ta wanke, ta koma ta kwanta, ta farka ba ta san ta yi ba."

Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ni ba don komai ba, Allah ya sani. Amma ɗakin yarana yana ƙarƙashin kicin ɗin nan."

Kawu ya ce ya yi magana da wani likita. Akwai asibitin da ake kwantar da masu irin wannan. Ranar Asabar ta sama, 22 ga wata, zai zo da mota. Ya ce, "Ƙanwata ce, ba zan zauna in jira a kira ni a ce gida ya kama ba."

Na jira Baba ya ce a'a. Bai ce ba.

Asabar, 15 ga wata, da rana

In na faɗa, ba za a kai ta ba. In na faɗa, kin tafi ke nan, kuma ni na fitar da ke.

Na rubuta wannan sau uku na goge biyu.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida

Na daina. Na yi tunanin in ƙamshin ya tsaya, Kawu zai ga ba a kunna gas, ya fasa. Na zauna darasi har ƙarshe. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Rediyo ta ce, "Cikin ya warke? Allah ya isa tsakanina da likitanki."

Na tarar da Umma zaune a ƙasan kicin, bayanta a jikin obin. Ta ce ba ta sha maganin ba, ta so ta gan ki ko ta baya ne. Ta ce, "Laifina ne. Na matsa mata." Ba ta ci komai ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai

Ta ce da Baba ya ba ta guda biyu gobe, don barcin ya yi nauyi ki samu shigowa. Baba ya ce likita ɗaya ya ce. Na ga ya sa kwalbar a aljihunsa, ba a kan firji ba.

Ba ta ci komai ba.

Ba ta ci komai ba, Yaya.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe shida saura

Ki yi haƙuri da rubutun.

Na yi niyyar gudowa yau, amma Malama ta tsare ni a ofis. Ta buɗe rajista ta nuna min ranakun. Ta ce, "Ciwon cikin nan naki ya san agogo." Ta ce saboda halin da muke ciki ba za ta kai ni gaba ba, amma lallai wani babba ya zo daga gida. Ban bar makaranta ba sai biyar.

Tun daga matakala ta farko na ji shi. Gahawa. A benenmu.

Ba ni na yi ba.

Na tsaya riƙe da ƙarfen bene. Na yi duk addu'ar da na iya. Na ce ko hancina ne, don ina jin sa a wurare yanzu, a aji, a cikin mota, a jikin matashina. Amma da na shiga, Umma tana kan kujera da kofinki a hannu, ta ce, "Yau sauri take, ba ta yi kek ba. Ta ma bar ta ta ƙone. Ba ta da lafiya, Auta."

Na duba tukunyar. An wanke ta, an kife, amma ba a inda nake kifewa ba.

In ke ce, ki yafe min. In ke ce, me ya sa ba ki jira ni ba?

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar saura

Ba ke ba ce.

Na hau saman bene in zauna, sai na tarar da Baba a wurina, kan bulon da nake zama, jakar aikinsa a gefe. Ya ɗaure babban yatsansa da tsumma. Ya matsa min. Muka zauna muna kallon tanki.

Can ya ce, "Ruwan batir ɗin nan, cokali nawa ake sawa?"

Na ce, "Ɗaya, Baba."

"Ni biyar na sa." Ya yi kamar zai yi dariya. "Tun ranar farantin na gane. Washegarin Lahadi na hau duba wayar famfo, na hango ki nan kina rubutu, da fulawa a hannun rigarki. Jiya na ga ba ki dawo ba, ga ta kwana biyu ba ci."

Na ce, "To ka gaya wa Kawu. Kai zai yarda da kai."

Ya ce in ya gaya wa Kawu, a gabanta Kawu zai faɗa, da wannan muryar. Sannan ya gaya min abin da ban sani ba. Kwana goma sha uku ke nan da aka kira shi ofishin, aka ba shi jakarki, mai zif ɗin da ya lalace. Masu jirgin ruwa ne suka kai. Ya sa hannu ya karɓa. Tana shagon abokinsa a cikin kwali. Kullum sai ya je ya ɗauka, ya zo har bakin layinmu, ya mayar.

Na ce, "Jakar kawai?"

Ya ce, "Jakar kawai."

Ya ce, "Auta, ni na kai uwarki asibiti ranar da ta haife ta. Ba zan iya zama wanda zai gaya mata ba. Wataƙila can ɗin za su iya. Su aikinsu ne." Bai dube ni ba da yake faɗa. Ban taɓa ganin wuyan Baba ya yi siriri haka ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi

Na yi Kek ɗin Malalata. Na buga sau biyu. Ya tashi fiye da kullum, samansa ya tsage daidai tsakiya. Na bar mata shi duka, ba yanki ba.

Gahawar ta kusa ƙarewa. Ana ganin gindin gwangwanin.

Gobe ƙarfe goma.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na rana

A takardar da na yago daga littafin lissafi nake rubuta wannan. Littafinki ba ya hannuna.

Kawu ya zo goma saura. Ya ce mata duba lafiya kawai za a yi, ta ɗauki kaya na kwana biyu. Umma ba yarinya ba ce. Ta zauna a kujerar kicin ta riƙe gefen tebur. Ta ce, "In ta zo ba ta same ni ba fa? Wa zai ci abin da ta yi?" Kawu ya ce, "Taso, don Allah, kar ki sa mu zama abin kallo." Ya kama hannunta. Baba yana bakin ƙofa yana duban ƙasa.

Na sha ragowar gahawar da safe, a ɓoye. Ko ita ce, ko ba ita ba ce, na ji muryata ta fito.

Na ce, "Ni ce."

Ba wanda ya ji. Na sake faɗa. Na ce ni nake gudowa daga darasi, ni nake kunna gas, ni nake buga tebur, ni na bar farantin. Umma ba ta taɓa kunna komai ba.

Kawu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, amma ba a ƙarya don uwa a irin wannan. Ke da ko ƙwai ba ki iya fasawa?"

Na shiga ɗaki na ciro littafin daga ƙarƙashin katifa. Na so in ba Kawu shi kaɗai, ya gani ya tafi. Amma Umma ta gane bangon. Ta miƙo hannu. Ban taɓa hana ta komai ba.

Ta juya shi ta baya, ta fara daga inda na ba ki haƙuri. A hankali take karatu, da yatsa. Muna tsaye mu uku. Ana jin 'yan biyu suna faɗa a ƙasa kan wani abu. Na san inda ta kai ta wurin yatsan. Ya tsaya a ranar farantin. Ya tsaya a Larabar da ba ni na yi ba. Da ya kai maganar Baba a saman bene, ya daɗe bai motsa ba.

Ta rufe littafin. Ta ce da Kawu, "Koma da motarka. Hankalina yana nan. 'Yata ce babu."

Kawu ya zauna a kan bokitin shara bai sani ba. Ya cire hularsa.

Ta ce da Baba, "Je ka kawo min jakar."

Ni ba ta dube ni ba. Ta shiga ɗaki da littafin a ƙirjinta. Ba a kai ta ba, Yaya. Abin da nake so ke nan. Na samu.

Lahadi, 23 ga wata

An buɗe ƙofa. Takalma har matakala.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe shida

Tana ci. Kaɗan, amma da kanta. Tana amsa wa kowa gaisuwa. Maman 'Yan Biyu ta riƙe ta suka yi kuka tare. Kawu ne ke raba wa baƙi ruwa, muryarsa ta dawo ta mutane. In na shigo da tire, Umma sai ta dubi tiren.

Ƙarfe huɗu ta yi ina tsakiyar mata. Ba wanda ya dubi agogo sai mu uku.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Muna darasin yamma Rediyo ta zungure ni. "Ba Ummanku ba ce waccan?" Ita ce, a bakin ofishin Malama, da mayafinta mai ruwan toka, ya yi mata yawa. A littafin ta karanta cewa ana neman babba daga gida.

Ban ji abin da suka ce ba. Na ga Malama ta rako ta har bakin ƙofar makaranta. Muka taho tare, tana gaba ina baya. Wajen shagon mai faci ta rage tafiya har na zo daidai da ita.

Ta ce, "Kwana goma sha takwas na yi da 'yata bayan kowa ya rasa ta. Ke kika ba ni. Ke kuma kika karɓe." Ta gyara mayafi. "Ban san wanne zan fara yafe miki ba. Ki ba ni lokaci."

Na ce, "To, Umma."

Da za mu tsallaka titi ta kama hannuna. Ba ta sake shi ba sai a bakin bene.

Alhamis, 27 ga wata, kafin in tafi makaranta

Umma, wannan taki ce. Zan tura ta ta ƙarƙashin ƙofa tare da sauran takardun, don kar ya zama akwai abin da na rubuta ba ki gani ba.

Ba zan taɓa obin ba sai ranar da kika ce. Ba zan sake gudu daga darasi ba. Lokacin da kika nema, ki ɗauka duk yadda ya kai.

Abu ɗaya nake roƙo. Littafin naki ne yanzu, na sani. Amma da sauran fararen shafuka goma sha ɗaya tsakanin rubutuna da nata, kuma akwai abubuwan da ban gaya mata ba tukuna. A baki ba na iyawa, kin san ni. In kin yarda in sake rubuta mata, ki ajiye shi a teburin kicin, in gama in mayar miki, ki karanta in kina so. In ba ki yarda ba, kar ki ce komai. Zan duba teburin in na dawo, zan gane.